Wanda Ya Sara da Wanda Ya Ce A Sara

Shekara uku ke nan da aka kashe wani magidanci a ƙauyen kakannina na wajen uwa, can kan hanyar Soba, kuma abin da aka yi rigimar a kansa bai wuce kunya huɗu ba. Gidaje biyu ne da kakanninsu suka fito ciki ɗaya, gonakinsu na jere, iyakarsu kuwa wata tsohuwar ɗorawa ce da layin gamba. Ɗorawar ta faɗi aka yi itacen girki da ita, gambar ta mutu, daga nan kowace damina mai huɗa da shanu yakan ɗan karkata garma, har ranar da dattijon gida ɗaya ya tara matasansa a zaure bayan sallar asuba ya ce musu idan suka bari aka shuka wurin nan, to su ba jininsa ba ne. Su shida suka fita da adduna da gora, kafin hantsi an ɗauko mutum a amalanke, bai kai asibitin Shika da rai ba.

Wanda ya yi saran yana tsare har yau yana jiran shari'a, kuma da na kai masa ziyara da ƙaramar Sallah, tambayar da ya fara yi mini ita ce: "Yaya, ai gonar tamu ce, ko alƙali bai ga shaidar dagaci ba?" Na rasa ta inda zan fara yi masa bayani cewa ba shari'ar gona ake yi da shi ba.

Wannan ne kuskuren da ya fi yawa a karkararmu. Ko da kotu za ta tabbatar cewa kunyoyin nan nasu ne tun kaka da kakanni, hakan ba ya wanke wanda ya zubar da jini. Dokar Final Kod, wato dokar hukunta laifuffuka, da Arewa ta fara aiki da ita a 1960, wadda Jihar Kaduna ta sabunta tata a 2017, ta yarda mutum ya kare kansa da dukiyarsa, amma ta gindaya sharuɗɗa: kada ɓarnar da zai yi ta wuce abin da kariyar ke buƙata, kuma babu wannan dama matuƙar akwai lokacin kai kuka ga hukuma. Mutumin da ya shigo gonarka da fartanya da ƙwaryar iri ba ɗan fashi ba ne, kuma masarar da ya shuka yau ba za ta nuna ba kafin ka isa wurin mai unguwa, ko hakimi, ko kotu. Wanda ya ga yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a 2025 a kan Sunday Jackson, manomin Adamawa da ya ce shi aka fara kai wa hari a gonarsa, ya san ƙofar kare kai ƙunci gare ta, ko da kuwa mutum yana ganin an tsaurara a wannan shari'a, kamar yadda ni ma nake gani.

Sashe na 221 na tsohuwar dokar, wanda lauyoyi suka fi saba ambata, ya tanadi kisa ga wanda ya kashe da niyya ko yana sane cewa mutuwa ce mafi rinjayen abin da aikinsa zai haifar. Sassaucin da ke sashe na 222, wanda ke sauko da hukunci zuwa ɗauri, na irin wanda aka tunzura ne farat ɗaya ko faɗa ya ɓarke ba shiri, da makamantansu. Wanda ya kwana yana wasa adda a dutse da wuya ya shiga wannan inuwa.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba yaron ba ne, dattijon ne. Yana nan a gidansa, yana sahun farko a masallaci, ko sau ɗaya ba a gayyace shi amsa tambaya ba, alhali kowa a ƙauyen ya san maganar da ya faɗa a zaure. Doka ba ta yi shiru a kansa ba. Ta ce idan mutane suka haɗu a kan manufa ɗaya aka aikata laifi wajen cika ta, kowannensu yana ɗaukar alhakin kamar shi kaɗai ya aikata, kuma wanda ya zuga ko ya ba da makami ko aka kitsa abin da shi, ba sai ƙafarsa ta taka gonar ba kafin a tuhume shi. Malamanmu na Malikiyya ma sun daɗe da karantar da cewa ana kashe jama'a saboda mutum ɗaya idan sun haɗa baki a kansa, suna kafa hujja da hukuncin Sayyidina Umar a kan mutanen San'a. Me ya sa a aikace nauyin yake ƙarewa a wuyan wanda ya fi kowa ƙuruciya da talauci?

Amsar, a ganina, tana cikin kara da kunya irin tamu. Babu wanda zai tsaya gaban alƙali ya ba da shaida a kan kawunsa, matan gidan da suka ji komai ta bayan danga ba a ma tunanin tambayarsu, shi kansa yaron kuma an yi masa alkawarin za a riƙe masa iyali idan ya yi shiru. Sai ka ga an yi abin da Hausawa ke cewa a bar jaki a doki taiki. Muddin mai furfurar da ke hura wutar ya tabbata cewa ɗan wani ne zai kwana a gidan yari, damina mai zuwa zai sake tara wasu a zaure.

Kada a fahimce ni da cewa ina goyon bayan kamen kan mai uwa da wabi. Washegarin kisan an kwashe maza goma sha ɗaya daga gidan, har da wanda yake cirani ya dawo ta'aziyya, kuma sai da aka sayar da bijimai biyu kafin su dawo gida. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta haramta kama wani a madadin wani, domin zama ɗan'uwan mai laifi ba laifi ba ne. Abin takaicin shi ne ragar ta kamo kowa ban da wanda ya kamata.

Sai maganar sulhu, wadda ake ta kai gwauro a kai mari a kanta tun daga sadakar bakwai. Ina girmama dattawan da ke wannan ƙoƙari, domin su ne ke hana ramuwar gayya, kuma marayu biyar da mamacin ya bari sun fi buƙatar diyya fiye da labarin rataya. Sai dai mutanenmu su sani cewa shari'ar kisan kai a Babbar Kotu tsakanin gwamnati ce da wanda ake tuhuma, takardar yafiyar dangi ba ta rufe ta, Antoni Janar na jiha ne kaɗai ke da ikon janye ta. A fiƙihun ma, idan magada suka yafe kisan ganganci, Malikiyya sun ce a yi wa mai kisan bulala ɗari a tsare shi shekara guda, kuma diyyar ganganci daga dukiyarsa take fita, dangi suna ɗaukar ta kisan kuskure ne kawai. A ƙauyenmu kuwa an raba kuɗin ne a kan kowane magidanci daidai wa daida, har da waɗanda suka yi ƙoƙarin hana fitar, dattijon ya ba da kasonsa kamar kowa, ya kuma zauna cikin masu sa albarka.

Na je ƙauyen makon jiya. Kunyoyin nan huɗu babu wanda ya sake sa musu garma, tafasa da ƙaiƙayi koma kan masheƙiya sun rufe su, matar yaron kuma ta koma gidan iyayenta tun bara, domin buhun masarar da aka yi alkawarin kai mata duk kaka sau ɗaya aka kai.