Ranar da injin eko ya ƙaryata Kawun ango

Sana'ata ba da hayar kayan sauti: lasifika huɗu, amfilifaya, mikisa, makirufo biyu, sai wani injin eko da na saya na hannu a kasuwar Sabon Gari. Wanda ya sayar mini ya rantse daga kasuwar Alaba ta Legas aka kawo shi. Baƙi ne siriri, da ɗan allo mai jar lamba a goshinsa. Salon murya sun fi casa'in a cikinsa, amma ni lamba 7 kaɗai na sani. Dare guda na ɓata ina daidaita ta, eko kaɗan, irin wanda ke sa ko mai mura ya ji kansa kamar mai karanta labarai a rediyo. Na adana, shekara biyu ban sake taɓa ta ba.

Wata Asabar aka ɗauke ni walimar aure a Gwammaja. Mun makara, don haka gwajin da muka yi bai wuce “halo, halo” ba, shi ma ba tare da eko ba. Sai da Kawun ango ya miƙe zai yi nasiha, dattijo mai babbar riga da murya kamar tsawa, na ce wa yarona ya ɗan ɗaga masa eko, a girmama shi.

Kawu ya yi gyaran murya ya ce, “Wannan yaro namu tun yana ƙarami ba ya ƙarya.”

Lasifika ta ce, “ƙarya... ƙarya... ƙarya... ƙarya...”

Kawu ya waiga yana neman marar kunyar da ya tanka masa. Bai ga kowa ba. Ya daure ya ci gaba: “Kuma duk unguwar nan babu mai bin sa bashi.”

“Bashi... bashi... bashi...”

Nan na ga dangin amarya sun fara kallon juna. Ango kuwa ya sunkuyar da kai, kamar dai maganar ta taɓa wani wuri.

Na duba allo, lamba 7 ce ƙiri-ƙiri, amma ba tawa ba ce. Jinkirin maimaicin ya kai rabin daƙiƙa, ga shi ya ƙi mutuwa. Cikin kiɗima na murɗa zuwa 8. Ashe wannan mai ɗaga murya ne sama. Kawu ya buɗe baki zai ce a yi haƙuri da juna, sai ga muryar ɗan akuya sabon haihuwa tana fitowa daga cikin babbar riga. Mata suka toshe baki da mayafi. Na sake murɗawa zuwa 9, muryar ta gangara ƙasa ta koma ta dodo. Wani yaro da ke gaba ya yar da robar shinkafarsa ya zura da gudu.

“Oga, wallahi aljanu ne,” in ji yarona. Na ce ya rufe mini baki ya miƙo waya.

Na shige ƙarƙashin tebur, farar shaddata tana shan ƙasa. Na canza wayar shiga, na canza ta fita, na zare jak na hura masa iska na goga a hannun riga. Na kashe injin na kunna. Na ɗan mare shi a gefe, wanda a sana'armu shi ne magani na farko kuma sau da yawa na ƙarshe. Na aika a duba janareta ko wuta ce ke rawa, aka ce lafiya lau. Garin laluben mikisa daga ƙasa kuma na murɗa abin da ke mayar da ekon cikin kansa, lasifika huɗu suka kwarma ihu tare, har wani tsoho ya dafe hularsa.

Sai na fizge filogi. Ban lura ba ashe na babbar wayar da ta ɗauki komai ne. Sauti ya mutu, fankoki suka tsaya, wayoyin mutane goma sha da aka jona caji suka tsaya su ma. Kawu ya ajiye makirufo a hankali, ya ƙarasa nasiharsa da muryar da Allah ya ba shi, kuma har bayan layi an ji shi.

Ranar Litinin na kai injin wurin mai gyara. Ya fara da adafta, don irin waɗannan tsofaffin injina wasu wutar AC suke ci, in ka ba su wutar DC irin ta batir su yi maka gardama. Tawa daidai take. Ya kwance murfi, ya nuna mini wani batir kamar kwabo a kan allon ciki, an rubuta CR2032.

“Volt 3 ya kamata ya ba da,” in ji shi. Ya ɗora mita, ko ɗaya bai cika ba. “Malam, wannan ne ke riƙe masa abin da ka adana in ka kashe shi. Ya mutu, ƙwaƙwalwar ta rikice. Lambarka 7 ta daɗe da tafiya.”

Ya canza batirin cikin minti goma. Yana mayar da murfi sai ya tsaya, ya sa farce ya ɓanɓare sitikar lambar wayata da na manna a fuskar injin tun ranar da na saye shi. Ƙarƙashinta akwai wani ɗan maɓalli, an rubuta Bypass.

“Ka san aikin wannan?”

Na ce a'a.

“Da ka danna shi sau ɗaya, muryar Alhaji za ta wuce salin-alin, babu eko babu akuya.”

Ni kuwa saboda wurin ya ɗan yi tudu na zaɓe shi, don sitikar ta fi fitowa.

Da na kira yayan ango kan cikon kuɗina, cewa ya yi kuɗin na hannun Kawu, kuma ya ce in zo da kaina in karɓa. Yau wata uku ke nan, har yanzu ina ta shirin zuwa.