Janyewar ruwa ba ita ce farfaɗowar ƙauye ba

A unguwannin Nima da Mamobi da ke Accra, a Ghana, na sha jin 'yan'uwa suna cewa tunda ruwan ambaliyar madatsar Akosombo ya janye, mutanen ƙauye sun koma harkokinsu, don haka babu sauran buƙatar tara gudummawa. Wannan fahimta kuskure ce, kuma tana damuna ƙwarai.

Lokacin da aka fara sakin ruwan madatsar Akosombo a watan Satumba na 2023, ruwa ya mamaye garuruwa irin su Mepe da Battor a yankin Volta, dubban mutane suka fake a makarantu, amma doguwar wahala takan biyo baya ne, bayan ƙasa ta bushe. Katangar laka da ta sha ruwa takan tsaya kamar lafiyarta ƙalau, sai daga baya ta tsage ta rushe. Rijiyar da ambaliya ta haɗa da masai ba ta shawuwa sai an yashe ta an zuba magani. Rogo kuwa ruɓewa yake yi a ƙasa, iri ya salwanta, manomi ya rasa amfanin bana da abin shukar baɗi, sau da yawa ga bashi a wuyansa. Yara ma ba sa komawa aji sai an sama wa masu kwana a cikinsa matsuguni.