Kafin ka biya kuɗin motarka ta farko, tsuguna ka leƙa ƙarƙashinta

Assalamu alaikum 'yan uwana matasan Abuja, musamman waɗanda Allah Ya fara buɗa wa, suna tara kuɗin motar farko. Da namiji zan yi maganar, amma 'yar uwa, har da ke.

Duk wanda ya san tsayuwar jiran mota a Berger ko AYA bayan la'asar, ga hadari ya haɗo, ga fargabar 'yan wan-cans, ba zai ga laifin matashi don ya ƙwallafa rai a kan mota ba. Abin da ke damuna shi ne yadda muke sayen. Mutum ya shekara uku yana tari, rana ɗaya ya je wurin dillalai a bakin titin Kubwa, ya ga fenti na sheƙi da manyan rim da allo a dashbod, ya zagaya ta sau biyu, ya biya. Bayan wata biyu motar na kwance a Apo ƙarƙashin bishiya, ƙura ta rufe gilashinta har yara sun yi rubutu da yatsa, shi kuma ya koma bin motar haya, ga bashi.

Fara da lissafin ciyar da ita. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, girman inji ya zama maganar aljihu. A ce kana yin kilomita 50 kullum, zuwa da dawowa, kwana 22 a wata: kilomita 1,100 ke nan. Ƙaramar mota mai inji 1.8 da ke cikin ƙoshin lafiya, idan tana ba ka wajen kilomita 11 a lita, lita 100 za ka sha. Mai silinda shida da ke ba da kilomita 7 za ta haura lita 155. Ka ninka bambancin da kuɗin lita na yau, ka ninka da wata 12, sannan ka tambayi kanka ko kallon da za a yi maka a wurin biki ya kai wannan kuɗin. Kada kuma ka juye duk abin da ka tara a hannun dillali. Ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na takardu, tayoyi, batir da sabis na farko, domin babu 'yar Kwatano ko ta hannu da ba ta zuwa da buƙatarta.

Ƙananan motocin da suka dace da mai farawa ba ɓoyayyu ba ne. Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008 da ta 2009 zuwa 2013 suna da inji 1.8 mai kaca, ba bel ba, kayansu kuma ko a ƙauye za ka samu. Matrix da Pontiac Vibe 'yan gida ɗaya ne da ita, ga bayansu da faɗi ga mai ɗan kasuwanci. Yaris mai 1.5 ta fi su ƙarancin shan mai, sai dai ba ta son lodi. Honda Civic ta 2006 zuwa 2011 ta fi su kyan gani a idon matasa, kuma tana da daɗin tuƙi, amma waɗanda aka yi daga 2006 zuwa farkon 2009 an san wasunsu da tsagewar bulok ɗin inji, har kamfanin ya tsawaita garanti a kai a Amurka. Idan ita ranka ke so, a duba gaba da bayan injin da tocila ko akwai sawun yoyon ruwa. Hyundai Elantra da Accent da Kia Rio sukan fi araha a shekara ɗaya da Toyota, suna da fasali, amma ranar sayarwa ba sa riƙe kuɗi kamarta. Wadda zan ce ka yi hattara da ita sosai ita ce Ford Focus otomatik ta 2012 zuwa 2016, giyarta ta yi ƙaurin suna wajen fizga da karkarwa. Haka tsofaffin ƙananan Nissan masu wata irin giyar otomatik da ake kira CVT. Ita kuwa tsohuwar Benz ko BMW da aka ce maka kuɗinta ɗaya da Corolla, akwai dalilin da ya sa mai ita ya karyar da ita. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ranar dubawa, ka tafi da makanikinka, wanda kai za ka biya shi, ba wanda dillali ya kira ba. Ku je da safe, ka kuma ce kada a tayar da ita kafin ku iso. Ɗora tafin hannunka a kan bonet: in ka ji ɗumi, an riga an ɗumama ta, kuma inji mai sanyi ne ke faɗin gaskiya. Ƙarar kaca, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na cin baƙin mai, wahalar tashi, duk a tashin farko suke fitowa. Kafin a tayar, murɗa makulli rabi, ka ƙirga fitilun dashbod. Ta cek inji, ta ABS, ta jakar iska da ta mai dole duk su kama, su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, ba lafiya ce ta hana ta ba, cire ƙwanta aka yi ko aka liƙe ta. Don haka a sa mata kwamfuta ko da komai ya yi tsit.

Buɗe murfin baƙin mai ka juya shi. In ka ga wani abu kamar madarar da aka dama da ƙasa, ruwa na haɗuwa da mai, gasket ya ƙone ko kan inji ya lanƙwashe. Tun inji na da sanyi a buɗe murfin lagireto a tayar. Kumfa da ke ta tasowa ba tsayawa ita ma alamar wannan matsalar ce. Zaro sandar man giya ka shafa a farar takarda: ja ko ruwan hoda lafiya, baƙi mai warin ƙuna kuwa giyar ta kusa tafiya. Taka birki, ka sa D, ka sa R. In ta yi jinkiri sannan ta buga, ka san abin da ke jiranka.

Da yawa daga cikin motocin da ke shigowa daga Amurka a gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su, wasu haɗari, wasu ambaliya. Ta haɗari da aka gyara da kyau ana iya zama da ita in an faɗa maka gaskiya an rage kuɗi. Ta ruwa ce babbar masifa, domin wayarin da ƙwaƙwalwar motar a hankali suke ruɓewa: yau gilashi ya ƙi sauka, gobe ta mutu a tsakiyar titin filin jirgi. Ɗaga kafet ka sa hannu ƙarƙashin soso. Dubi ƙarfen da kujera ke gudu a kai ko ya yi tsatsa. Jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa, ka ga ko akwai layin laka. Ciro safaya taya ka leƙa raminta. Motar da aka cika ta da turare fiye da kima, ka tambayi abin da ake rufewa. Ba sai daga waje ba ma, nan cikin gari akwai waɗanda ruwa ya sha a Lokogoma da Lugbe aka busar aka kai kasuwa. Na haɗari kuwa, ɗan maganaɗisu ya ishe ka: bi da shi jikin ƙofofi, inda ya ƙi kamawa an cika wurin da fila. Sannan ka tsuguna, ko a hau da ita rami, ka ga ko an yi walda a shasi, ko mai na ɗiga, ko an yanke tukunyar salansa da ake ce wa indomi.

Akwai wata yaudara da ta zama ruwan dare: a canza wa tsohuwar mota fitilu da bamba a ce sabon yayi ce. Lambar shasi na da harufa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba da jikin ginshiƙin ƙofa. A motocin kasuwar Amurka, na goma shi ne shekara: 5 na nufin 2005, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012, haka har gaba. Ka ƙirga da yatsanka. Lambar nan dole ta zama ɗaya a gilashi, a ƙofa, da a takardar kwastan. Da ita kuma ake binciko tarihin motar a intanet, har ka ga ko tana cikin waɗanda aka yi wa kiranye saboda jakar iska ta Takata, wadda ta shafi Corolla da Civic na shekaru da dama. Mitar tafiya kada ka ba ta gaskiya ita kaɗai, ana mayar da ita baya. Robar birki da ta suɗe da sitiyarin da ya yi santsi sun fi ta gaskiya.

Kada ka biya sai ka ga takardar kwastan ta asali ka tabbatar da ita. In ta hannu ce, a rubuta yarjejeniya da shaidu da hoton katin shaidar mai sayarwa, ka je ofishin VIO a Mabushi a mayar da ita sunanka. Motar sata ba ta da alama a goshi, kuma wanda aka kama ta a hannunsa shi ke kwana a caji ofis. Inshorar wajibi ta ƙananan motoci ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023; ka yi ta gaske, ba ta bakin titi ba.

Ka saya, Allah Ya sa alheri. Yanzu saura riƙo, kuma a nan ne motoci masu lafiya ke mutuwa a hannunmu. Za a ce maka ƙasarmu da zafi, a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye. Kada ka yarda. A Corolla, tamostat na buɗewa ne wajen digiri 82, aikinsa ya riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. In an cire shi, inji ya daɗe bai ɗau zafi ba, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta yi ta ƙara mai. Shan mai ya ƙaru, fulogi su yi baƙi, ringi su ci. In mota na tafasa, akwai dalili: lagireto ya toshe, murfinsa ya saki, famfon ruwa ya gaji, ko fanka ba ta tashi. A nemo shi. Kuma ruwan kulan za ka zuba, ruwan famfo tsatsa yake haifarwa.

Baƙin mai ma haka. Corolla ta 2003 zuwa 2008 5W-30 aka rubuta mata. Mai kaurin nan 20W-50 da ake ɗura wa kowace mota ba ya saurin ratsa siraran hanyoyin injinan zamani da safe. Da cunkoson Nyanya da ƙurar hunturu, ka canza duk kilomita 5,000 ko wata shida, ka tsaya a buɗe galan a gabanka. Man giya kowace da nata: Honda nata daban, Toyota a duba abin da aka rubuta a sanda ko littafinta, mai CVT kuwa in aka zuba mata na gama-gari an gama da ita.

Maganar kwalliya, ba wanda ya hana ka. Wanki, kujeru masu tsabta, ƙamshi, fenti mai kyau, sun isa su fitar da ƙaramar mota kunya. Amma cire rim 15 a sa 18 da siririyar taya, rami ɗaya a hanyar Karshi zai lanƙwasa shi, shokozoba da ƙafar mota su biya sauran. Kuɗin ka sa a taya sabuwa. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya ko zanenta na nan, robar ta bushe, a zafin Maris take fashewa. Iska kuma a bi abin da ke rubuce a ginshiƙin ƙofar direba, galibi 30 zuwa 33, ba 50 da wasu masu faci ke bugawa ba. In kana jin ƙwas-ƙwas a ƙafar gaba in ka hau gargada, a duba boljoyin a ranar. Shi ne ke sa ka ga mota ta durƙusa a titi taya ta shige ciki.

Ka je makarantar tuƙi ka yi lasin na gaskiya, shekara 18 doka ta ce. Titunan Abuja masu faɗi suna ruɗar sabon hannu, alhali iyakar gudun ƙaramar mota kilomita 100 ne a babban titi, 50 a cikin unguwa. Wasan mota a wurin ɗaurin aure ya sa iyaye da yawa kuka, kada a ga ƙafarka a ciki. A gangaren Kugbo kada ka zauna gaban tirela ko tifa, ka ba su hanya su wuce, motarka ba ta kai nauyin lodin bayansu ba. Waya kuma a ajiye ta. A gudun 100, mota na cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya; daƙiƙa uku na duba saƙo, ka yi sama da mita 80 ba ka ga titi ba, ga ƙannenka a kujerar baya.