Kada a haɗa tsibiran Maria da tudu

A kudancin ƙasar Saint Lucia, a yankin Karebiyan, daf da garin Vieux Fort, akwai wasu ƙananan tsibirai biyu da ake kira Maria. Babban cikinsu kimanin hekta 10 ne kawai. A nan masana suka gano wani ƙadangare mai doguwar jela a 1958, wanda mutanen ƙasar ke kira zandoli tè. Namijin baƙi ne da ɗigon fari, cikinsa rawaya, jelarsa shuɗiya, launukan tutar ƙasar ke nan cif.

Abin da ya sa babu shi a babban tsibirin ƙasar ba ɓoyayye ba ne. A 1869 Turawan mulkin mallaka suka kawo tunku daga Indiya don ya rage musu macizai a gonakin rake. Tunku da rana yake farauta, shi ma ƙadangaren da rana yake kiwo, a ƙasa yake tonon ƙwari, a ƙasa macen ke binne ƙwanta. Ga ɓeraye kuma da suka sauko daga jiragen ruwa. Inda ruwa ya tare waɗannan maƙiya, nan kaɗai ya tsira.

Shi ya sa raina ya ɓaci da shawarar da aka taɓa kawowa a 2017, ta cike teku a shimfiɗa hanya zuwa Maria domin wani katafaren aikin yawon buɗe ido. Matasan Vieux Fort na bukatar aiki, wannan gaskiya ce, ban raina ta ba. Amma hanyar da mota za ta bi, tunku ma zai bi ta, kuma tun 1982 aka killace wurin a doka. A kan Maria ɗin nan ne kuma ragowar wani maciji marar dafi, da ake sa shi cikin mafi ƙaranci a duniya, yake fakewa.

An ga irin wahalar da gyara ke ci. Sai da aka kawar da ɓerayen Praslin, wani ƙaramin tsibiri a gabar gabashin ƙasar, kafin a kai ƙadangaru 42 can a 1995, da taimakon gidauniyar Durrell mai kare namun daji, suka kuwa hayayyafa. Tun daga lokacin ma'aikatan gandun daji ke zagayawa suna duba tarkuna, domin ɓera mai ciki guda a cikin kwale-kwale ta isa ta rusa aikin shekaru. Kuɗin da gwamnati za ta ware, wannan sintiri da binciken kayan masu ziyara ya kamata ya tafi.