Samarin Marwa, Me Salansa Ta Yi Muku?

Assalamu alaikum ƙannena masu babura, da 'yan kilando, wato masu haya da babur, da masu hawa don harkar gabansu. Yau da ku nake. In maganar ta yi zafi ku yi haƙuri, abin ne ya kai ni maƙura.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, bayan la'asar, ayarin rakiyar amarya ya taso daga unguwar Domayo ya biyo ta ƙofar garejinmu. Babura ba iyaka, kusan kowanne an fasa masa salansa. Suna zuwa daidai inda wata dattijuwa ke zama da farantin gyaɗarta a gindin darbejiya, sai wani yaro ya murɗe totur har ƙarshe ya sake, babur ya shiga tas! tas! tas! Baiwar Allah ta watsar da faranti, ta faɗo cikin garejin da rarrafe, zani na kwancewa, tana salati. Sai da muka ba ta ruwa, hannunta na rawa har kofin na bugun haƙoranta. Gyaɗar kuwa tayoyi sun bi ta kai sun niƙe ta cikin yashi. Su kuma yaran? Dariya suke, wani ma ya ɗaga waya yana ɗauka.

Wai a garin nan ake wannan! Garin da a watan Yulin 2015 bam ya tashi a bakin babbar kasuwa da unguwar Barmare, bayan kwana 3 wani ya sake tashi a Pont Vert. Da yawanku lokacin kuna yara ƙanana, ba ku kwashi gawa ba. Ba ku san zamanin da aka hana babura yawon dare ba, 'yan kilando suka rasa abin kaiwa gida. Iyayen da kuke firgitawa sun gani da idonsu, kuma har gobe ƙara mai kama da harbi tana tsinka musu zuciya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Abin da ya fi ci mini rai, kuɗi kuke biya a yi muku wannan ɓarnar. Mutum ya sayi TVS ko Boxer ko Sanili sabo fil, ledar kujera ma ba a cire ba, sai ya zarce wurin mai walda a yanke salansa, a zare kayan cikinta, a liƙe. Mai ɗan hali kuma ya je kasuwa ya sayo wata 'yar gajeriya mai ƙyalli, an manna mata sunan wani babban kamfanin Turai, alhali ko takardar da aka naɗe ta ba ta taɓa ganin Turai ba. In ka tambaya, sai a ce maka tana ƙara wa babur ƙarfi.

Wane ƙarfi? Hannuna ya daɗe cikin baƙin mai, bari in faɗa muku abin da ke faruwa. Waɗanda suka ƙera babur ɗin sun auna tsawon bututun da faɗinsa da ɗakunan da ke cikinsa daidai da kafiretar da suka sa masa. In ka buɗe wa hayaƙi hanya fiye da kima ba ka taɓa jet ɗin kafireta ba, wato ɗan ramin da fetur ke bi, iska takan yi wa fetur yawa a cikin inji. Wutar sai ta ƙara zafi. Ku kwance fulogi ku duba: na lafiyayyen babur ruwan ƙasa-ƙasa ne, na wanda aka fasa wa salansa sau da yawa fari fat. Wannan tas-tas da kuke alfahari da ita in kun saki totur, ragowar man da bai ƙone a inda ya kamata ba ne yake fashewa a cikin bututu. Injinan nan iska ce kaɗai ke sanyaya su, ba ruwa. To a haɗa da ranar Maris da Afrilu ta Marwa, da zafi ke haura digiri 40, ga fasinja biyu da buhun gero a baya. Bawul ya ƙone, zobe ya saki, babur ya fara shan baƙin mai yana tuƙa hayaƙi. Ƙarfin tashi ma, wanda shi ɗan kilando ya fi buƙata, yawanci raguwa yake. Kunnenku ne ke yaudararku, kun ji ƙara kun ɗauka gudu ne. Garin neman gira an rasa ido.

Sai a dawo wurinmu a ce a ƙara girman jet. A ƙara, babur ya koma zuƙar mai. Litar fetur a gidan mai da take sefa 630 ta koma 730 a Fabrairun 2023, ta koma 840 a Fabrairun 2024. Zuwa-zuwa, fetur ɗin bakin titi da ake shigo da shi daga Najeriya, da muke taƙama da arharsa, shi ma ya tashi tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023. A wannan marrar mutum zai sayi abin da zai ƙara masa shan mai? An sayar da kare an sayi biri, tsugune ba ta ƙare ba.

Ga kuma zancen garanti, wanda ba wanda ke tunawa da shi sai inji ya buga. Kwanan baya wani yaro ya turo sabon babur garejinmu, fistin ya kama. Ba nasa ba ne ma, wani alhaji ne ya saya masa yana kai kuɗi kullum. Ya zaro takardar garanti daga ƙarƙashin kujera, a naɗe cikin leda, ko ninkinta ba a taɓa warewa ba. Na ce masa, ɗana, ka mayar da shi inda aka saya, amma ina salansar asali? Ya yi shiru. Ashe ya sayar wa 'yan gwangwan a kilo. Ya je, suka kalli walda sau ɗaya suka sallame shi. Kuma gaskiyarsu. Garanti alkawari ne cewa in kuskuren daga masana'anta ne za su gyara. Ba su yi alkawarin ɗaukar abin da ka jawo da hannunka ba. A Amurka akwai doka tun 1975 da ta hana kamfani soke garanti don kawai ka sa kayan wani kamfani, sai in kayan ne suka jawo lalacewar. Amma salansar da aka fasa da inji da ya ƙone, ai ba sai an kira boka ba. Mu ma nan Kamaru muna da dokar kare masu saye tun 2011, sai dai wa zai tsaya maka bayan kai da kanka ka kai babur aka yanka? Yanzu ga bashin alhaji, ga kuɗin fistin da zobe, ga zaman banza. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Masu cewa ai ƙasarmu ba ruwanta da dokar hayaƙi, wannan ta Turawa ce, ku saurara. Gaskiya ne tasu ta fi tsanani. Tarayyar Turai ta shiga matakin Euro 5 na dokar hayaƙin babura a 2020, Indiya, inda ake ƙera TVS da Boxer na kamfanin Bajaj, ta shiga nata sabon matakin a Afrilun shekarar. A Amurka, Harley-Davidson da girmansa sai da ya amince da tarar dala miliyan 12 a 2016 saboda sayar da na'urorin da ke sa babura fitar da hayaƙi fiye da ƙa'ida. Saboda irin waɗannan dokoki ne wasu sababbin babura ke zuwa da wani abu a cikin salansa mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe shi da ƙarafa masu tsada irin su filatinom, aikinsa ya rage dafin hayaƙi kafin ya fito. Shi ne abin da mai walda ke fara tsokanowa ya jefar. Amma mu ma ba a sake muke ba. Dokar muhalli ta 5 ga Agustan 1996 ta haramta ƙara da wari masu cutar da lafiya ko takura wa maƙwabta, kuma a 2011 an fitar da wata doka daga ofishin firayim minista kan wannan batu. Rashin kama ku ba ya nufin babu doka. Ranar da jandarma ya ga dama, salansarku ce za ta kira shi tun kuna nesa.

Kai, a bar ma zancen jandarma. Ina tsoron Allah? Luƙmanu ya ce wa ɗansa ya sassauta muryarsa, domin mafi munin muryoyi ita ce ta jakai. Manzon Allah (SAW) ya yi rantsuwa har sau uku cewa bai yi imani ba, wanda maƙwabcinsa bai tsira daga cutarwarsa ba. Ƙarfe 2 na dare ka shigo lungu ka tashi jariri, ka tashi mai hawan jini, ka tashi wanda ya wuni yana dako. Liman na karatu, ka wuce ka haɗiye masa aya. Waɗannan haƙƙoƙin wa zai biya? Kunnenka kai kanka fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kunnen babba na iya jure ƙarar desibel 80 (ma'aunin ƙarfin ƙara ke nan) na awa 40 a mako, amma in ta kai 90 awa 4 ne kacal. Kai kuwa tun asuba har dare kana zaune a kanta. Shi ya sa wasunku sai an yi musu magana sau biyu. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Har murfin da ke kare ƙafa daga zafin bututu kuke cirewa, wai ya ɓata ado. Ku tambayi iyayenmu mata da 'yan makaranta nawa ne ke ɗauke da tabon ƙuna a ƙwaurin dama. Ba na ma son in shiga zancen tiramol da ake haɗiya da shayi da sassafe, da hular kwano da ta zama kayan rataya a ɗaki, da yaran da ƙafarsu ba ta kai ƙasa amma an damƙa musu makulli. Duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya: a gan ni, a ji ni.

In salansarka ta ruɓe da gaske, ba wanda ya hana ka canzawa. Nemi irin ta asali, ka tambayi inda ka sayi babur kafin ka taɓa komai, ka ajiye tsohuwar. Araha ba ta ado. Sauran kuma gyaran hali ne, wannan ba a sayar da shi a kasuwa.

Mu da muka tashi, wanda ya mallaki babur a unguwa mutum ne mai nauyi. In ya dawo da dare, tun daga bakin lungu yake kashe inji ya tura har zaure. In ya zo wuce masallaci ana salla, tsayawa yake. Maigidan da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, in salansa ta huje ko kaɗan ba ya barin babur ya fita gareji sai an toshe, ko mai shi na sauri, don a ganinsa abin kunya ne a ce daga hannunsa wannan ƙarar ta fito. Kuma a da kowane dattijo na iya tsayar da ɗan kowa a hanya ya ja masa kunne, uban ya zo ya yi godiya. Yau ka yi wa yaro magana, uban ne zai fara zuwa maka da faɗa, wai ina ruwanka, da kuɗinka aka saya? Wasu iyayen ma su ke ba da kuɗin waldar. Masu waldar kuma, 'yan'uwanmu ne a sana'a, furfura a gemu, yaro ya miƙo sefa dubu su ɗauki abin yanka ba tambaya.