Gwajin kabon ba ya faɗin shekarun sassaƙen dutse

Da yawa sun ɗauka gwajin kabon-14 ke nuna shekarun kwanon dutse a gidan tarihi. Ba haka ba ne. Gwajin na abin da ya taɓa rayuwa ne, kamar itace ko ƙashi. Dutse kuwa ya girmi masassaƙinsa da miliyoyin shekaru.

Kayan masana'antun sassaƙa dutse na Rasha irin su Peterhof da Kolyvan, da takardun oda da zanen aikin ake gane shekarunsu. Ƙaton kwanon nan mai tan 19 da ke gidan tarihin Hermitage a birnin St. Petersburg, a rubuce yake cewa Kolyvan ta kammala shi a 1843. In babu takarda, sai a leƙa ƙasan kayan, inda ba a goge ba, a nemi sawun zarto, don yana iya nuna zamanin aikin. A yi hattara da gindin tagulla, don wani lokaci daga baya aka haɗa shi.