Babbakar Layya a Nima

Layyar da ta faɗo a watan Yuni ta same mu a unguwar Nima tsakiyar damina, kuma duk wanda ya zauna a Ankara, babban birnin Gana, ya san ruwan wannan wata ba ya sallama. Muka dawo daga Idi, aka yanka rago, sai uwargida ta turo mini kai da ƙafafu a roba, ta ce, "Maigida, babbaka taka ce." Iccen da na saya ya jiƙe sharkaf. Na hura har jijiyar wuyana ta tashi, ko ƙyas.

Wani yaron maƙwabta, wanda har yau nake nemansa, ya ce ai mahauta masu ganda da tsohuwar taya suke yi. Ya mirgino mini guda, ta trotro, wato ƙaramar bas ɗin haya.

Ita taya ba ruwanta da damina. Ashana ɗaya da ɗan kananzir, sai tuƙuƙi ya tashi baƙi ƙirin, ya turnuƙe tsakar gidan hayarmu mai ɗaki 12. Kajin gidan ma suka nufi akurki, sun zaci magariba ta yi.

Hajiya mai gida, wadda idonta ya yi rauni amma hancinta bai tsufa ba, ta ɗago murya daga ɗaki: "Wa ke ƙona mana gida? Hayaƙin icce yaji gare shi, hawaye kawai yake sawa. Na gawayi shiru yake zuwa ya sa ciwon kai. Wannan kuwa mai ƙauri ne, ina jin gashi, ina jin roba!"

Na ce, "Hajiya, kan rago ne."

Ta ce, "Ragon naka mota ce?"

Kafin in ba da amsa, lungu ya ɗauki ihun gobara. Wani ya buga 192, ko da yake lungunmu baro ma da ƙyar yake shiga, balle motar kwana-kwana. Samari suka faɗo da bokitai, ba tambaya, suka sheƙa wa taya ɗaya, suka sheƙa mini uku.

Farin leshin Hajiya na Sallah, da ke shanye a igiya, ya koma ruwan toka. Sidi 40 na biya mai wanki, ban da ban haƙuri.

Da dare aka yi farfesu. Yara suka sinsina, suka ce sun ƙoshi. Uwargida ta ɗanɗana, ta ajiye cokali, ta tambaye ni ko za ta ƙara gishiri ne ko kuwa a kai wa mai faci.